Yarinyar da Na Ɗauko Bayan Tebaram

Tun da na dawo, ba na shiga ɗakin malamai sai wani ya aje alli ya ce, "Madam, wai da gaske har bayan Tebaram kika je?" In na ce i, sai a jawo mini kujera. Na yi ta ba da labarin guntu-guntu har na fara jin ana maido mini da shi da ƙari: wai raƙumi na hau, wai an ɗora mini bindiga a ka. Ban hau raƙumi ba, ba kuma wanda ya ɗora mini komai. Abin da ya faru bai kai haka ba, amma ni ya ishe ni. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ni lissafi nake koyarwa a wani kwaleji nan Tawa. Nan aka haife ni, kuma kafin wannan tafiya iyakata arewa ita ce Barmu, inda na taɓa zuwa suna. Mu kaɗan cikin malamai muna da wata ƴar ƙungiya. Duk shekara mukan nemi yaro ko yarinya mai kai, wanda talauci ko nisan gida zai hana shi karatu, mu samo masa gidan zama da gurbi a lakwal, wato makarantar boko. Yawanci daga ƙauyukan kusa muke samowa, Kalfu da kewaye, inda mutum zai tafi da safe ya dawo ya yi la'asar a gida.

Bana sai ga wani malamin firamare, Mushe Iliya (Mushe muke ce wa malamin boko a nan), ya zo wurin taronmu. Da yana koyarwa ne a wani aji na zana kusa da wata rijiya bayan Tebaram, cikin Buzaye makiyaya. Wata rana da tsakar rana masu bindiga suka zo bisa moto, wato babur, suka tara littattafai suka cinna musu wuta, suka ce masa in sun sake iske shi nan ya san sauran. Da rigar jikinsa ya iso Tawa. Ranar da ya zo mana, an miƙa masa shayi, hannunsa na rawa har yana zubewa bisa wandonsa.

Ya ce, "Akwai wata yarinya can, Takna. Tun da na fara koyarwa ban taɓa ganin irinta ba. Na gudu na bar ta."

Aka ce ya koma ya taho da ita mana.

"Ni in na koma gawa ce. Ko wane baƙon namiji ma sai an tsare shi da tambaya. Mata dai na shiga su fito, masu sayen cuku."

Ni kaɗai ce mace a ɗakin. Kowa ya sunkuyar da kai, na ce ni zan je.

Da na koma gida na gaya wa maigidana. Ya ce, "Kina da ƴaƴa, Sa'a." Na ce na sani. Washegari da kansa ya kai ni wurin Inna Kulu, ƙawar mahaifiyarsa, wadda ta tsufa tana kai sabulu da sukari da ganyen shayi wajen makiyaya tana dawowa da cuku. Ya ce in ba da ita ba, ba tafiya.

Inna Kulu ta dube ni sama da ƙasa kamar akuyar sayarwa. Ta sa na cire agogo, na aje jakar hannu, ta ba ni wani tsohon zane da ƙaurin cuku ya kama, da takalman roba. Ta ce daga yau ni ɗiyar ƙanwarta ce, ina taya ta ɗaukar kaya. Sannan ta miƙo hannu ta zare mini tabarau.

Na ce, "Inna, ba na gani sosai in babu shi."

"Gara ki ƙi gani da a gan ki. Can duk mai wanga abu a huska, an san ɗan lakwal ne." Ta cusa shi cikin buhun sukari. "Saura bakinki. Ke ba ki iya magana uku ba ki saka Faransanci ba."

Na ce, "Dakor."

Ta ɗaka mini duka a cinya. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

Ranar kasuwa muka hau wata buɗaɗɗiyar mota, mu da buhunan gero da wata akuya da ta zaɓi ƙafata ta yi fitsari. Da muka bar kwalta sai na gane abin da Inna ta yi mini. Duk abin da ya wuce tsawon igiyar guga, a idona baƙin tabo ne kawai yana motsi. Ko wane tabo kuwa ni moto nake gani. Na yi ta tsunkulin Inna ina cewa, "Ga su can," tana cewa, "Jakai ne." Har ta gaji ta ce in rufe ido in yi salati.

Ina cikin salatin ne muka ji ƙara, tau! Kafin in ankara kowa ya kwanta bisa ɗan'uwansa, wata mata ta danne jaririnta da ƙirji, ni kuma fuskata cikin gashin akuyar nan. Ashe taya ce ta fashe. Wani tsoho ya fara dariya, ya ga ba mai taya shi, ya yi shiru. Duk lokacin da ake canza tayar ba wanda ya sauka ya miƙe ƙafa. Direba yana ɗaure ƙusa yana waige.

Dab da Tebaram akwai shingen jami'an tsaro. Aka ce kowa ya fito da katinsa. Wanda ya karɓi nawa yaro ne matashi, ya karanta inda aka rubuta sana'ata, ya dubi zanen jikina, ya sake duban katin. Ya matso ya yi mini magana ƙasa-ƙasa da Faransanci, wai Madam me ya kawo ni nan. Na ba shi amsa da Hausa, na ce cuku muka zo saye. Ya gane. Ya maido mini da katin a dunƙule cikin tafin hannu yadda na kusa da ni ba za su gani ba, ya ce, "In kun wuce gari, babu mu. In wani abu ya faru, sai dai mu ji labari."

Ni dai nan na ɗauka a matsayin iyakar ƙasa, ko da yake ba tuta, ba kwastan.

A gidan wata ƙawar Inna muka sauka, kuma wurinta na bar katin, don gaba ba shi da amfani sai jawo bala'i. Ta yi mana tuwon gero da miyar kuka mai daɗi, amma ruwansu zartsi ne, na sha na ji kamar an jiƙa kanwa. Abin da na lura da shi a garin, ba a kiran masu bindigar nan da suna. "Baƙi" ake cewa. "Baƙi sun zo wajen su wane." "An ga baƙi bakin rijiya." Ni da na tashi a gidan da in an ce baƙi sun zo sai a hau shimfiɗa tabarma, duk aka faɗi kalmar sai in waiga ƙofa. Ga kuma sha'anin moto. A Tawa ƙarar moto kamar kukan ƙuda ce, ba mai jin ta. Can an hana hawa, saboda haka duk wanda ka ji bisa moto ka san ko wane ne. Muna cikin cin tuwo injin niƙa na maƙwabta ya tashi, na ga uwar gida ta tsaya da loma a hannu har sai da ta tabbatar.

Da safe muka hau amalanken jaki da kayanmu, Inna ce da kanta take kora. Muka wuce wani ƙauye da ba kowa sai ƙofofi a buɗe. Muka wuce inda ajin Mushe Iliya yake, Inna ta nuna mini da haɓa ba ta tsaya ba. Ban ga kome ba sai wasu sanduna a tsaye da baƙin wuri a ƙasa.

Rana ta take muka isa zangon su Takna, ƴan bukkokin tabarma da fata a bayan wani tudu. Mahaifinta, Alhasan, ya tarbe mu, dogo, ya naɗe fuska da rawani sai idanu. Mahaifiyarta, Raisha, ita ta nuna mana wurin zama, ta zauna daidai da mijinta, ta kuma riga shi magana. Inna ta raɗa mini cewa nan bukka ta mace ce, da ita take zuwa gidan aure, in an ɓata namiji ne ke kwana waje. Na ce a raina, da matan unguwarmu sun ji wannan da an sha kallo.

Gaisuwarsu doguwa ce, a hankali, murya ƙasa, ana shafa tafin hannu ana janyewa. Ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya ci ya sha. Aka kawo fura mai kauri da aka daka da cuku da dabino, ban taɓa shan mai daɗinta ba. Aka kawo wata gurasa da ake gasawa cikin toka, tagalla, tana da daɗi amma yashi na ƙaras-ƙaras a haƙori. Alhasan ya dafa shayi, yana shigar da ɗan kofinsa ƙarƙashin rawani ya sha, ba a ganin bakinsa. Na sha na fari, ɗaci kamar maɗaci. Da aka miƙo na biyu na ce na ƙoshi. Inna ta taka mini yatsa, na karɓa.

Bayan an gama na yi wautar da ta kusa ɓata komai. Na ce, "Ina Takna?"

Raisha ta aje ludayi. Alhasan ya ƙara jan rawaninsa sama, ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Wa ya ba ki sunan nan?"

Inna ta shiga yi musu bayani da Buzanci, suna ba ta amsa gajeru. Sai ta juyo gare ni, fuskarta ta canza. Ashe bayan Mushe ya gudu, yara ba su daina taruwa ba. Wurin kiwo suke kewaye Takna, tana yi musu lissafi a ƙasa kamar yadda ya saba. Magana ta kai kunnen baƙi cewa har yanzu ana boko a rijiyar nan. Sun riga sun zo sun tambaya, kowa ya ce bai sani ba. Sai ga wata mace da ba a taɓa gani ba ta zo tana kiran sunan yarinyar.

Na ga babu sauran ɓoyo. Na tura hannu cikin buhun sukari na ciro tabarau, na kakkaɓe na saka. Na ce ni malama ce, Mushe Iliya ne ya aiko ni. Raisha ta yi wata tambaya tana kallona cikin ido. Inna ta ce, "Wai in kin san shi, mi ke ga hannunsa na hagu?"

Na tuna hannun nan da ke rawa da kofin shayi. Na ce, "Ƙaramin yatsansa guntu ne."

Raisha ta sauke numfashi. Ta tashi ta ce in biyo ta.

A bayan tudu muka iske Takna ƙarƙashin wata aduwa, awaki kewaye da ita. Ƴar siririya ce, ba za ta wuce shekara goma sha biyu ba, ga idanu manya. Ban zo da takarda ko alƙalami ba, saboda haka da baki na fara yi mata tambayoyi. Na fara da na ajinta, na hau na gaba, na shiga waɗanda nake ba ɗalibaina na kwaleji. Tana ba ni amsa tana tsinkar ciyawa, kamar wadda ake tambaya sunan ƙauyensu. Wanda ba ta san kalmarsa ba sai ta ce in faɗa mata abin da ake nufi, in na faɗa sai ta yi.

Can ta ce, "Madam, in tambaye ki ni ma?"

Ta tattaro busasshen kashin awaki. Ta aje ɗaya. Ta kewaye gefensa biyu da uku, ya zama biyu sau biyu. Ta ƙara biyar, ya zama uku sau uku. Ta ƙara bakwai, huɗu sau huɗu, kusurwa huɗu cif.

Ta ce, "In ana tsallake ɗaya ana tarawa, kullum haka yake fitowa. Na yi har kashin ya ƙare mini. Da ina tsoron ko can gaba zai lalace. Amma ba zai lalace ba, ko? Don duk wanda za a ƙara, gefen nan na son ɗaya, wancan na son ɗaya. Biyu ke nan kullum." Ta ɗago kai. "Haka ne, ko na yi kuskure?"

Shekaru nake koyar da wannan a allo, yara na kwafa suna hamma. Ita ba wanda ya nuna mata, kuma ba ta tsaya ga ganin abin ba, sai da ta nemo dalilinsa. Na manta inda nake. Na durƙusa na share ƙasa, na hau rubuta mata da yatsa yadda ake rubuta shi da lambobi da haruffa, ina zuba Faransanci da ƙarfi kamar ina aji. Tana bin yatsana da ido, bakinta a buɗe.

Ita ta fara ji. Ta ɗaga kai kamar barewa. Sannan ni ma na ji, can nesa, ƙarar da ba injin niƙa ba ce.

Ban iya motsi ba. Takna ce ta fizge tabarau daga fuskata ta jefa cikin rigarta, ta yi wa awakin wata tsawa, ta koro su suka bi ta kan rubutun. Raisha ta ja ni da gudu muka zagaya tudu. Kafin moton su tsaya ina zaune kusa da Inna Kulu, ta tura mini tarin cuku a gaba ta ce, "Jera. Kada ki ɗaga kai."

Su huɗu ne bisa moto biyu. Ban ga fuskokinsu ba, ba tabarau, kuma a naɗe suke. Takalmansu na gani, da bakin bindiga yana lilo kusa da gwiwa. Suka yi sallama kamar kowa, aka amsa. Suka yi magana da Alhasan, na ji ana kama dabba tana kuka. Sai takalmi ɗaya ya taho ya tsaya a gabana.

"Wagga fa?"

Inna ta ce, "Ɗiyar ƙanwata ce. Na tsufa, ita ka ɗaukar mini kaya."

"Ɗago kanki."

Na ɗago. Muryar ta yaro ce, bai fi ɗalibaina na ajin ƙarshe ba. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya nuna karan hancina da yatsa, inda tabarau ya yi shekaru yana zama har ya bar shaida gefe da gefe.

"Mi ya yi miki wanga?"

Na ji Inna ta ja numfashi za ta yi magana, na san in ta yi ƙarya ya gane mun mutu. Na ce, "Tabarau ne na likita. Idona ba shi da lafiya."

"Ina shi?"

"Ba shi gare ni yanzu."

"Kina karatu ke nan."

Na ce, "Ina karanta Alƙur'ani."

"Karanta mu ji."

Surar da nake karantawa kullum a sallar asuba, wadda na haddace tun ban yi wayo ba, ita ta ɓace mini. Na buɗe baki babu kome. Sai na ji Inna can ƙasa-ƙasa ta ja farkon ayar kamar mai gunguni ita kaɗai, na kama, na bi. Da ƙyar na kai ƙarshe. Raisha ta taho da ƙwaryar nono ta shiga tsakanina da shi, tana faɗa da Buzanci da ƙarfi, daga baya aka ce mini wai mita take a kan ragon da suka kama. Ya karɓi nonon ya sha, ya juya.

Da suka ɗaure ragon a bayan moto, babbansu ya ce wa Alhasan da Hausa, yadda kowa zai ji, "Mun ji har yanzu ana tara yara. In mun dawo, za a nuna muna mai tara su."

Sai da ƙarar ta ɓace sannan na motsa. Na rarrafa bayan bukka na amayar da furar nan duka.

Da la'asar aka zauna. Na faɗa musu abin da ya kawo ni: akwai gida a Tawa, akwai lakwal, ci da sutura duk a kanmu. Na ce ban taɓa ganin yaro mai kai irin na ɗiyarsu ba, kuma gaskiya na faɗa. Alhasan ya ce, "Sun san yawan ƴaƴan kowa. In sun dawo ba ta nan, sun gane ita ce, sun kuma gane inda ta tafi. Sannan mu fa?"

Na zo da niyyar ceton yarinya, ban taɓa tunanin abin da ɗauke ta zai jawo wa na baya ba. Na ce masa ban sani ba.

Raisha ta yi magana mai tsawo, ba ta ɗaga murya ba. Inna ta fassara mini a taƙaice: in Takna ta zauna za a nuna ta, ko ba yau ba, don tsoro na sa mutum ya nuna ko ɗan cikinsa. Bukka tata ce, gobe za ta kwance ta, su bi dabbobi inda Allah ya kai su. Yarinya kuma ta bi Madam. Alhasan ya yi ta tona ƙasa da tsinke. Daga baya ya ce a tambayi mai abin.

Aka kira Takna. Ta ciro tabarau daga rigarta ta miƙo mini, ƙafarsa ɗaya ta lanƙwashe. Na ce mata can akwai littattafai, akwai wutar lantarki, akwai yara sa'anninta. Ba ta nuna ta damu da ko ɗaya ba. Ta ce, "Akwai wanda zai gaya mini in na yi kuskure?"

Na ce akwai.

Ta dubi mahaifiyarta, ta ce za ta.

Da sassafe muka kama hanya, ana cikin kwance bukkoki. Ba a yi kuka ba, su ba su yi a gaban mutane. Raisha ta ɗaura mata wani ɗan laya a wuya, ta riƙe kanta da hannu biyu ta daɗe, ta sake ta. Alhasan ya raka amalanken har kan tudu, ya ce mini, "Kada ta manta harshenmu." Yaran da take koya wa lissafi suna tsaye a jere suna kallo. Ɗaya ta tambayi Takna wani abu da Buzanci. Na tambayi Inna, ta ce, "Cewa ta yi, mu fa?" Gurbi ɗaya muke da shi. Na juya fuskata wajen jaki.

Hanyar dawowa ba abin da ya same mu, amma ta fi ta zuwa tsawo a wurina. Mun rufe Takna da zane a kan cewa ba ta da lafiya za a kai ta likita. Duk tabon da na hango sai in riƙe hannunta, ita ce ma take ce mini, "Raƙumi ne, Madam." A Tebaram na karɓi katina, muka sami mota. A shinge aka ce ina takardar haihuwar yarinya, babu. Aka sauke mu, mota na jira, fasinja na tsaki. Allah ya sa matashin nan yana bakin aiki. Ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya ce da Hausa, "Cukun ke nan?" Na ce shi ke nan. Ya ɗaga hannu aka buɗe.

Da tayar mota ta hau kwalta na saka tabarau a karkace, na ga Tawa tar, sai hawaye. Takna kuwa ta ƙanƙame ni, ba ta taɓa ganin moto da yawa haka ba, kuma ba wanda ke gudun su.

Yanzu a gidana take, don na kasa miƙa ta wani wuri. Fankar sama ta hana ta shiga ɗaki kwanakin farko, a tsakar gida take shimfiɗa. Mushe Iliya da ya gan ta ya zauna a dakalin ƙofa ya rufe fuska da hula. A lissafi ta wuce kowa a ajinsu, har malaminsu ya zo yana tambayata inda na samo ta. A Faransanci tana can ƙasa, yara na yi mata dariyar yadda take furta kalmomi, ta taɓa dawowa da leɓe a fashe. Muna fama.

Inna Kulu ta sake komawa rijiyar nan. Ba ta iske kowa ba sai gurbin bukkoki da toka. Wasu sun ce an ga su Alhasan sun yi gabas, wasu sun ce arewa. Ba waya, ba saƙo.

Ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, Takna ta ce in raka ta kasuwar dabbobi. Na ɗauka kewar awaki ce. Muka shiga, ta bi layi-layi, tana kama kunnen kowace akuya tana dubawa, tana leƙa wuyan jakai. Dillalai na ta yi mata ciniki ba ta kula su. Na ce me take nema. Ta ce kowane gida da irin tsagar da yake yi wa kunnen dabbarsa, ta gidansu biyu ce a dama, ɗaya a hagu.

Na ce, "In kin gani, sai mu tambayi mai ita inda su Baba suke."

Ta girgiza kai. "Baba ba ya sayar da uwar garke, Madam. In na ga tamu a hannun wani, to ƙwace ta aka yi."

Tun daga ranar, duk Lahadi muna zuwa. Ina tsayawa a bakin shinge cikin rana, ina kallonta tana ɗaga kunnuwa ɗaya bayan ɗaya har ta kai ƙarshen layi. Jiya ma mun je. Ta daɗe wurin wata jar akuya har na fara takowa. Sai ta sake ta, ta taho tana goge hannu a zane.

"Babu, Madam."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Muka sayi ƙosai muka koma gida.